Auta Yana Dalala ta Gefen Hagu

Matata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gajiyar jinya, yaya ƙafar Mama? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau. Karenki Auta kuwa, wanda kika bar mini amana, ban san me zan ce ba.

Kwana uku ke nan yana dalalar da miyau, amma ta gefen hagu kawai. Gefen dama kuwa a bushe yake ƙamas. Na duba littattafai huɗu. Ɗaya ya ce ruɓaɓɓen haƙori, ɗaya ciwon kunne, ɗaya shanyewar fuska, na huɗun ya ambaci haukan kare, sai na rufe shi na je na wanke hannu. Maƙwabcinmu tela ya ce kewarki yake yi. Na tambaye shi ko ana kewa da rabin baki, ya ce ni ne mai karatu.

Yau ya ƙi abinci, yana ta sosa kumatu da ƙafa. Na buɗa bakinsa in leƙa, ya yi mini gurnani, na ba shi haƙuri. Kada ki taso. Ko ki taso? Ban sani ba.

Mijinki,
Mai Tabarau

Matata,

Bayan gaisuwa, da fatan Mama ta fara takawa. Na kai Auta wurin likitar dabbobi. Ta haska fitila, ta sa ɗan hantsaki, ta zaro tsinken katako daga tsakanin haƙoransa na ciki. Dasashin ya kumbura har ya fara wari. Ta ce miyau ta gefe ɗaya, in ya wuni bai tsaya ba, ko ya zo da ƙin ci, jini, kumburi ko karkacewar fuska, a kawo kare a ranar. Ta tambaye ni me na yi kwana uku. Na ce bincike. Ba ta yi dariya ba.

Katakon guntun fensirina ne. In ina karatu ya dame ni, shi nake jefa masa ya ɗauko. Ke da kika hana shi ƙashi, ashe ni ya kamata ki hana.

Ta ce zai warke in ya sha maganinsa kwana bakwai. Sau uku na saka masa ƙwayar, sau uku ina tsintar ta a ƙarƙashin kujera. Don Allah rubuto mini yadda kike yi. Faɗan kuma ki ajiye sai kin dawo, zan zauna in saurara duka.

Naki,
Mai Tabarau