Dawar Inna a Lambun Marsiliya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a gabashin Bakori.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗa ga uwarsa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke na dawo gida. Da ƙafafuna na dawo, amma a gajiye nake, Inna, irin gajiyar da barci ba ya ɗaukewa. Tun da na sauka zaure ke cika, kowa so yake in ba shi labarin Marsiliya, birnin Faransawa na bakin teku. Na ba da labarin soraye da jirage har maƙogwarona ya bushe. Wanda ya dame ni kuwa ke kaɗai za ki gane shi, shi ya sa na zauna na rubuta miki. Wanda ya ga dama ya leƙa.

Kin tuna kaurarki, jar dawar nan da kika gada wurin kakata. Kowace kaka sai kin zaɓi zangarniya mafi cika kin rataye saman murhu, hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari. Kina cewa, "Iri rai gare shi. In ya daɗe bai ga ƙasa ba mutuwa yake yi, kai ba ka sani ba."

Shekarar da mahara suka ƙone rumbunanmu, zangarniya ɗaya ce ta tsira, ta madafinki. Ke kuma ba ki ga damina ba. Na murje ta, na cakuɗa da toka, na ɗinke cikin 'yar jakar fata na rataya a wuya. Ban bar ta gida ba, don yunwa ake yi, ko ɗan'uwanka sai ya dafa ta. Na bi ayari zuwa Kano neman abin kai wa baki, da niyyar dawowa kafin ruwan fari.

A Kano wani Balaraben Gadamas mai fataucin gashin jimina ya ɗauke mu ɗaurin kaya, ni da Tanko mutumin Danja da Bello makiyayi na Kafur. Ya ce iyakarmu Agadas. Daga Agadas sai Gat, daga Gat sai Tunis. Kullum gobe za a juya.

A Tunis ruwa ya sauka, amma cikin tsananin sanyi. Na ce haba, wa ya taɓa shuka dawa yana rawar ɗari? Bari zafi ya zo. Ai a wurinmu in bazara ta gasa mutum, hadari na bayanta. Da zafin ya zo kuwa muna cikin jirgin hayaƙi, mun tsallaka teku da kayan maigida zuwa Marsiliya.

Maigida ya shiga harkar masu saye, ya ce mu je mu ga gari. Tanko ya zama jagora, don ya tsinci Faransanci ɗan kaɗan a jirgi, yana ta fama da shi kamar mai tauna ƙashi. Ya ja mu bakin ruwa inda jirage suka cunkushe. Ya nuna mana wani tsibiri mai ganuwa, wai kurkuku ne tun zamanin kakannin Faransawa. Ya hau da mu wani dutse mai ɗakin ibadarsu, a ƙololuwarsa mace ta zinariya riƙe da jariri. Rana ba ta faɗuwa da wuri a can, la'asar ta yi ta ja, ga hanya duk dutse, tafin ƙafata ya yi ta raɗaɗi. Mun fita kallo, mu aka yi ta kallo.

A kan dutsen nan kowa na duban teku, ni ina duban gabas. Sama fes, ko ƙyallin gajimare babu. Tanko ya ce, "Kai manomi, an kawo ka ganin birni kana ta leƙen sama kamar mai neman watan Salla!" Suka yi ta dariya, ni ma na taya su, hannuna na kan jakar.

Wani tsoho Balarabe mai dako a bakin ruwa ne ya warware mini. Ya ce a ƙasashen nan zafi ba ya kawo ruwa, sai sanyi ya dawo. Ashe ruwan da na raina a Tunis shi ne daminarsu. Inna, a nan na zauna a ƙasa.

Washegari ba na son fita, Bello ya ja ni. Muka je wani gini mai girma, a gabansa an sassaƙa bijimai na dutse, ruwa na kwarara ƙarƙashinsu dare da rana, ba mai sha, ba mai ban ruwa. Bello ya daɗe yana dubansu, ya ce, "Wallahi wanda ya sassaƙa waɗannan bai taɓa kiwo ba. Ina tozon?"

Bayan ginin akwai lambu, furanni ne kawai, ba abin miya ko ɗaya. Amma ƙasar, Inna! Baƙa, mai laima, irin ta fadamarmu. Na tsuguna kamar mai gyara takalmi, na farke ɗinkin jakar, na ɗebi rabi. Bello ya tsaya gabana ya baza rigarsa. Na sa diddige na yi ramuka tsakanin jajayen furanni, na zuba, na rufe da ƙafa yadda kika koya mini. Tanko na ta waige-waige yana cewa, "Kai, za ka sa a kai mu tsibirin nan!"

Kafin jirginmu ya tashi na koma lambun. Ta tsiro. Tsawon ɗan yatsa, kore shar, ganyen a naɗe. Na durƙusa gabanta kamar yadda nake durƙusa miki da safe, hawaye suka zubo, ban ɓoye ba. Mai lambun, wani dattijo mai malafa, ya zo ya tsaya kaina da 'yar fartanyarsa. Ya dubi tsiron, ya dube ni, ya wuce. Ban san abin da ya yanke a ransa ba.

Hanyar gida ta cinye wata daminar. Bana da ruwan fari na shuka sauran rabin a gonarki ta gindin tsamiya. Ta maƙwabta ta fito, har an yi noman farko, tawa shiru. Na tona na duba, ƙwayoyin sun ruɓe a inda na sa su. Kin faɗa, Innata. Na rataya ta a ƙirji na tsallaka hamada da teku, ina ji kamar ke nake goyo, ashe a wuyana ta ƙare.

Yanzu duk duniya in kaurarki na da sauran rai, tana can cikin furannin mutanen da ba su san tuwo ba. Kullum in na ga dawa ta fara bunni sai in ce, ko waccan ma ta kai haka? Na gaji da tambayar, kuma ba wanda zai je ya dubo mini.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya mana. Dattijon nan mai fartanya kuma, Allah ya sa ya ɗauka fure ce, ya bar ta ta yi kai.

Ni ne ɗanki na fari,
wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.