Fito a Kan Jirgin Babana

Anti Hazel, ki taimake ni, za a kore ni daga kallon fim a garin da aka yanke mini cibiya. Ni ban yi makaranta ba, teku ce ta raine ni, ƙanwar matata ce ke rubuta miki wannan, kuma na hana ta gyara mini magana.

Bayan yaƙin duniya wasu mutanen Landan suka zo garinmu na masunta a nan Cornwall, suka yi fim na baƙi da fari a kan ɗan leƙen asirin Jamus da ya ɓuya cikin masu kamun kifi. Jirgin babana suka hau. A cikin fim ɗin mutumin nan yakan tsaya a kan jirgi ya yi fito da baki, wai alama ce ga abokan gaba. Kowa a nan ya san ba a fito a kan jirgi, iska ake kira. Babana ya gaya musu, suka yi dariya. Ba a yi mako ba guguwa ta maka jirgin a kan dutse. Babu wanda ya mutu, amma mun ci dankali zalla har bazara.

Duk shekara ana nuna fim ɗin a zauren gari. Da an zo wurin fiton sai in miƙe in yi ta buga sandata a ƙasa don kada teku ta ji, tunda zauren yana bakin ruwa, jikokina kuma suna fita kamun kifi. Da can har taya ni ake yi. Yanzu baƙi sun cika gari, ni ina bugu suna yi mini tsawa. Wani Mista Ashcombe, wanda bai san gaban jirgi da bayansa ba, shi ne shugaban kwamitin zauren. Ya ce fiton nan ne ke tona asirin mugun, ni kuma ina ɓata wa mutane labari. Na ce masa dubi takalmin mugun kawai, ko jariri ya san ba masunci ba ne. Ya ce bana ko in zauna shiru ko in zauna a gida.

Ga inda abin ya tsaya mini. Daidai bayan fiton ake nuna marigayiya matata Morwenna, tana budurwa, tana ɗinkin komar kamun kifi a bakin gaɓa, ta ɗago kai ta ce wani abu. Nan kaɗai take motsi a duniya yanzu. In na ƙi zuwa na rasa ta, in na yi shiru na saki jikokina ga iska. Yaya zan yi?

Tsohon Masunci

Baba,

Ba zan yi maka gardama a kan teku ba, ka fi ni saninta, kuma ka ga jirgin mahaifinka a kan dutse da idonka. Amma shi ma Mista Ashcombe yana da tasa gaskiyar. Mutane sun zo ganin yadda za a kama ɗan leƙen asiri, sai su tashi da ƙarar sanda a kunne.

Na tambayi wani tsohon matuƙin jirgin ruwa, ya ce ku masunta kuna da maganin wannan: in an yi abin da ba a yi, sai a taɓa ƙarfe mai sanyi. To ka je wurin shugaban, ku sha shayi, ka bar zancen takalma. Ka roƙa a ba ka ɗan lokaci kafin a kashe fitila, ka ba da labarin jirgin, ka ce kowa ya riƙe makullinsa idan fito ya zo. Baƙi suna son irin wannan fiye da yadda kake zato. Zaure guda riƙe da ƙarfe ya fi sanda ɗaya tsare jikokinka.

Sannan akwai abin da na lura da shi a wasiƙarka. Ka ce Morwenna tana cewa wani abu, ba ka faɗi ko mene ne ba. Ina jin duk shekarun nan, kai kana bugu suna tsawa, muryarta kuke rufewa. Bana ka ajiye sandar a kan cinya, ka riƙe ƙarfenka, ka saurari matarka.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya dawo da jikokinka gida lafiya.

Hazel