Rubutun Bangon Coci da Idon Goggo

Zuwa ga taubashina Injiniya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Goggo ta iso lafiya, ƙafar ma da sauƙi.

Na kai ta wurin likitan ido kamar yadda ka ce. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce idon nan daidai yake da shekarunsa, tabaranta ma ba ya son canji. Maimakon ta yi murna sai ta ce likitan yaro ne. Ni kuwa a gabana ta zura zare a allurar keken ɗinkina ba tare da ta nemi taimako ba.

Sai da muka zauna ninke kaya ta faɗa mini abin da ke ranta. Ta ce tun da aka kwashe littattafan waƙa a cocinku aka koma haska rubutu a bango, ba ta ganin komai sai hazo. Tsofaffin waƙoƙi tana da su a ka, sababbin ne take motsa baki kawai. Ita da ke ba matan coci baiti, yanzu ita ce mai satar amsa. Ta ce in ta koma za ta ajiye jagorancin, ta riƙa addu'arta a ɗaki, don makanta ba a yi mata gardama.

Ba na son shiga sha'anin wurin ibadar da ba nawa ba. Amma mahaifiyarka ƙanwar mahaifina ce, kuma an ce kai ke riƙe da majigin. Me kake sa wa a bangon nan?

Taka,
Yayarka, ko ka ƙi ko ka so

Zuwa ga Malama Sarkin Tsanaki,

Na gaishe ki. Wata biyu kika ba ni a duniya, amma kin hana ni sakat da "yaya".

Bangona lafiyarsa ƙalau. Kowa yabawa yake yi, Fasto ma ya ce kamar a talabijin. Ina sa hoton gajimare, da teku, da faɗuwar rana, rubutu fari a kai. Sabuwar waƙar godiya kuwa, wadda Mama za ta jagoranta ranar tunawa da Baba, hoton lambunsa na sa mata, da fararen furannin nan da ya shuka bakin rijiya. Don ita na yi, amma da na haska shi a wurin koyon waƙar, ko kallo ban ga ta yi ba. Abin ya ɗan sosa mini rai, ban dai faɗa ba.

Ga shi na buga miki a takarda, direba zai kawo tare da maganinta. Ki duba ki ga aikin gwani, sannan ki nemo mana wani likitan.

Naki,
Injiniya

Zuwa ga taubashina,

Bayan gaisuwa, saƙo ya iso. Hoton ya yi kyau, Allah ya sani. Sai dai ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: na jingina shi a bango na koma bakin ƙofa, ni ma ban karanta ba. Farin rubutu a kan farin fure, kamar a nemi gishiri cikin gari.

Na tuna malaminmu ba ya barin mu yi rubutu sai allo ya bushe ya yi fes, ado kuma a gefe yake tsayawa, ba ya shiga ƙarƙashin harafi. Ban san waƙoƙinku ba, amma na san kalmar da za a kira Ubangiji da ita bai kamata ta ɓuya ba.

Sai na yi dabarar tela. Na kwafe baitin farko da manyan baƙaƙe, harafi bayan harafi, ina tsoron kar in rage muku ko ɗigo. Na yanke su daga farar takarda, na yafa wa hotonka siririn baƙin mayafina, na manna su a sama. Na kira Goggo. Daga bakin ƙofa ta karanta, har ta fara rerawa ƙasa-ƙasa. Can ta matso, ta ɗaga gefen mayafin.

Ta ce, "Wannan ai rijiyarsa ce."

Injiniya, ba ƙin kallo ta yi ba. Ba ta taɓa gane cewa lambun ne ba. Rubutu ya cinye hoto, hoto ya cinye rubutu, ita kuma ta ɗora wa idonta laifi.

Ga roƙona. Ka daina dubawa a kwamfutarka cikin ofis. Ka je da hantsi, lokacin da rana ke shigowa ta taga, ka zauna a bencin baya kusa da ƙofa, inda take zama saboda ƙafarta. Abin da ka gani daga nan, shi ne gaskiyar bangonka.

Ka gaida gida.
Yayarka

Yaya,

Na zauna a bencin. Ban ga komai ba sai kunyata.

Na tambayi tsofaffin da ke zama a layin. Ashe har da mai share coci da matar tsohon Fasto, kowace tana ɓoye wa 'yar'uwarta cewa ta fara makancewa. Ɗaya har ta sayi sabon tabarau.

Na duhunta hotunan, na ƙara wa rubutu girma, layi kaɗan a kowane shafi. Lambun Baba zai fito shi kaɗai kafin a fara waƙa, sannan ya ja baya ya ba kalmomi wuri. Ki turo mini uwata, mata suna jiran mai ba su baiti.

Kin ga dai na rubuta "Yaya". Kar ki saba.

Injiniya

Taubashina,

Tana hanya, tun safe ta ɗaure jakarta. Ta tafi da mayafin, ta ce in bangon ya sake yin gardama za ta yafa masa da hannunta. Na bar mata.

Allah ya kai ta lafiya.
Yayarka