Ba Zan Jefa Aya a Kwandon Shara Ba

Assalamu alaikum, Malam Abdulrashid. Don Allah ka agaza mini da shawara, domin al'amarin nan ya wuce sanina.

Ni dattijo ne, ina limanci a wani ƙauye gabas da Ɗambatta. Malamina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mini sharhinsa na fiƙihu da ajami, a takardun da gara ta fara ci. Na yi wa iyalansa alkawarin mayar da shi boko tun ina gani, ga shi yanar ido ta fara rufe mini na hagu. 'Yata Tahira, wadda take koyarwa a Kano, ita ta kawo mini kwamfuta ta koya mini bugawa. Shekara biyu muna zaune lafiya ni da kwamfutar. Yanzu kuwa in na kunna ta da hantsi, sai na zaga gonar gyaɗa ta bayan gida na dawo kafin ta buɗe. In na buga kalma sai na jira fitowarta. Ga zafi tana yi, alhali ban taɓa ajiye ta a ƙasa ba. A kan buzuna nake ɗora ta, saboda darajar abin da ke cikinta.

Tahira ta duba, ta ce ma'ajiyar ce ta cika da karatuttukan tafsiri da hotunan shafuka, wasu kwafi huɗu-huɗu, sai an goge. Da ta nuna mini inda ake tura abin da aka goge, sai na ga hoton kwandon shara ƙarara. Na ce mata ban taɓa jefa takarda mai sunan Allah a juji ba, kuma ba zan fara da tsufana ba. Ta koma Kano ranta a ɓace. Saura babi goma sha ɗaya, kuma sai na kammala, in Allah Ya yarda. Ina mafita?

Dattijo mai alkawari

Wa'alaikumus salam, Baba Liman. Girmama sunan Allah da ka yi abin yabo ne, amma Tahira ma tana da gaskiya. Kwamfutar da ma'ajiyarta ta cika ba ta da wurin juyawa, dole ta yi nauyi.

A fahimtata, gogewar nan ta fi kama da wanke allo. Kwandon hoto ne kawai, babu ƙazanta a cikinsa, kuma babu takardar da wani zai taka. Hukuncin dai na bar maka, ka fi ni sani. In zuciyarka ba ta natsu ba, a kwashe karatuttukan zuwa faifan ajiya na waje, ka adana shi cikin littattafanka. Sharhin ma a yi masa kwafi a can tun yau.

Buzun kuma a raba shi da kwamfutar. Gashinsa yana toshe ƙofofin iskar da ke ƙarƙashinta, ita kuwa in ta ji zafi da kanta take rage gudu. Ɗora ta a kan katako mai tsabta. A kai ta wurin mai gyara ya share fankarta, ya hana manhajojin da ba ka buƙata tashi tare da ita. In nauyin bai tafi ba, a ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM.

Ka kira Tahira da kanka, Baba. Taimakonka ta zo yi. Idon ma kada ka jira sai aiki ya ƙare, ka je asibiti, ana yi wa yanar ido aiki. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ka rubuta tammat da hannunka.