An Ba Ni Binciken Yaron da Muka Haɗu a Ɗakin Masu Barin Giya

Daga akwatin saƙo. Mai saƙon ya nemi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a ɓoye sunana, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na aro ne. Don Allah ku ba ni shawara.

Da, ni ake yi wa sallama a zo neman shawara. Miji da mata su saɓa a nan Kuala Lumpur a falona ake sasantawa, ɗalibi ya samu matsala da malamin da ke duba aikinsa ni ake kira, a yi haihuwa ni ke raɗa suna. Yau ga ni da furfura har a gira ina rubuto wa zauren da wasunku na yi jika da su, kuma ku yi haƙuri in na yi tsawo, wanzami ba ya son jarfa. Na haura sittin, ina koyarwa a wata jami'a a nan, muna zaune da iyalina wajen Lembah Pantai, duk Bahaushen da ke garin nan Baba yake ce mini. Abin da ba su sani ba shi ne na yi kusan rabin rayuwata ina shan giya, kuma shekara goma da wani abu ke nan da Allah ya raba ni da ita.

Na fara ne a Gabashin Turai inda aka tura mu karatu muna samari. Can idan aka miƙo maka kofi ka ƙi, kamar ka ƙi amsa sallama ne a wurinmu, sai na ce saboda sanyi ne. Na koma Faransa na ce ai kowa da ita yake cin abinci. Daga baya na yi aiki a wata ƙasar Larabawa inda ake ɗaure mutum a kanta, a can na gane ba sanyi ba ne ba abinci ba ne, domin a can na fi sha, a banɗaki, ƙofa a kulle. Na lura kowace al'umma da irin ɓoyonta. Bature yana sha a fili ya ɓoye yawan abin da ya sha, Balarabe kwalbar yake ɓoyewa, mu kuwa mutumin muke ɓoyewa gaba ɗaya, a ce wane ba ya jin daɗi, ko a ce sammu aka yi masa. Da muka zo Malesiya abin ya ƙara sauƙi, ka shiga kedai, wato kanti, ka saya ba mai tambayar baƙin mutum addininsa. In sha, in tauna kanumfari, in fesa turare, in zo a tura ni gaba in ja sallar magariba. Hajiya kaɗai ta sani, ita ke wanke abin da na ɓata, ita ke ce wa yara Abba zazzaɓi yake yi. Sai ranar da na faɗi a tashar jirgin ƙasa na LRT da rana tsaka, da babbar riga a jikina, aka kira ta ta zo ta kwashe ni. Likitan da ya duba ni shi ya faɗa mini inda masu irin ciwona suke taruwa.

Wani ɗaki ne a saman bene a Brickfields, kujerun roba a zagaye, butar shayi a gefe, ƙamshin kori, miyar Indiyawa, yana hawowa daga shagon ƙasa. Tsarinsu matakai goma sha biyu ne, na farko ka yarda abin ya fi ƙarfinka, sauran kuma ka bi su a hankali tare da wani da ya riga ka warkewa, shi zai riƙe ka a tafiyar. Wanda ya riƙe ni wani dattijo ne Ba'indiye, tsohon lauya, zan kira shi Rajan. A ɗakin nan ba Farfesa ba Alhaji, sunanka na yanka kawai. Ni da ko mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba saboda ni ne ɗan fari, sai ga yarinya 'yar Sin sa'ar 'yata tana kirana da shi gatsal tana miƙo mini biskit. Da farko abin ya yi mini zafi, daga baya na ga ashe hutu ne. Kuma duk wanda zai yi magana sai ya fara faɗin sunansa ya ce shi mashayi ne. Na faɗi wannan kalma da Turanci har ta zame mini ruwan sha, na taɓa faɗinta da Faransanci a wani zama da na shiga ina kan tafiya, na faɗa wa Allah ita da Larabci a sujada. Da Hausa ne ban taɓa iyawa ba. Babbar ƙa'idar ɗakin ita ce wanda ka gani a ciki da abin da ka ji a ciki a nan za ka bar su, kuma da wannan amana nake raye.

Duk shekarun nan ban taɓa ganin ɗan ƙasarmu a wurin ba, sai bara. Ana tsakiyar zama ƙofa ta buɗe, wani saurayi ya shigo, zan kira shi Nura, ɗalibi ne mai neman digiri na uku, ya sha cin tuwo a gidana ranar sallah. Muna haɗa ido sai jikinsa ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro kafin kansa ya yi tunani, ya cire takalmi, ya zube ƙasa ya durƙusa a gabana, ya ce Baba ina wuni. Mutanen ɗakin ba su taɓa ganin haka ba, wata mata ta ɗauka suma ya yi ta taso da ruwa. Ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Abin da na yi shi ne na sunkuya na ce masa da Hausa, don kada kowa ya ji, wai gayyato ni suka yi daga jami'a in riƙa yi musu nasiha. Da layi ya zo kaina na ce yau saurare zan yi. Shi ma sunansa kawai ya iya faɗa, kansa a ƙasa, ana tashi ya ɗauki takalminsa a hannu ya sauka bene. Bai ƙara dawowa ba.

Rajan ba ya jin Hausa amma ya ga na ƙi magana, ya matsa mini har na faɗa masa. Bai ɗaga murya ba, cewa ya yi wannan ɗakin ya buɗe mini ƙofa shekara da shekaru, ɗan uwana na farko da ya ƙwanƙwasa ni na rufe masa. Na ce bai san mu ba ne, a wurinmu babba ba ya tona kansa gaban yaro. Ya ce su ma Indiyawa suna taɓa ƙafar manya, amma giya ba ta taɓa tambayarsa shekarunsa ba. Na yi fushi na yi makonni ban kira shi ba. Nura kuwa in mun haɗu a masallacin Juma'a sai ya gaishe ni daga nesa ya sulale, ni ma in ji sanyi a raina da bai matso ba.

To ga inda abin ya ɗaure. Ina da amini tun makarantar kwana, Alhaji Sani, yana Zariya. 'Yarsa Hauwa tana digiri na biyu a nan, ni ya damƙa wa amanarta, duk ƙarshen mako a gidana take, Hajiya ta mayar da ita 'ya. Watan da ya wuce ya kira ni da murna, wai wani yaro ya fito neman Hauwa, manyansa har sun je gaisuwa, an bincika gidansu mutanen kirki ne, saura halin yaron a can inda yake zaune. Ya ce, “Kai ne idona a can, Malam. Ba zan sa rana ba sai na ji daga bakinka.” Da ya faɗi sunan yaron sai na ji ashe Nura ne. Na ce masa ya ba ni lokaci in bincika.

Na san hukuncin, ni da kaina na sha faɗa wa mutane, wanda aka tambaya a kan aure ya faɗi aibin da ya sani ba giba ya yi ba, nauyi ya sauke. Amma abin da na sani a ɗakin amana na gan shi, kuma da wani ya fitar da nawa a shekarar farko da ban kai yau ba. Bayan haka Alhaji Sani ba yaro ba ne, ina cewa yaron yana shaye-shaye zai ce a ina ka gan shi, me kake yi a wurin. Mutumin da muka yi shekara hamsin tare bai taɓa jin warinta a bakina ba. Na kai wa Hajiya maganar, na ce ko in ce masa kawai a dakata ba tare da dalili ba. Ta ce ai na san in dattijo ya ce a dakata an binne maganar ke nan, kuma an shafa wa yaro baƙin fenti bai san laifinsa ba. Sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa mini ba, ta ce lokacin aurenmu mahaifinta ya tura bincike wurin wani da muka yi karatu tare, mutumin ya san komai, ya ce ba shi da abin faɗa sai alheri. Ta ce wannan alherin nasa ita ta yi shekara ashirin tana wanke shi a banɗaki. Ta ce Hauwa ba za ta shiga da ido a rufe ba muddin ita Hajiya tana raye. 

Ƙarshe na kira Nura na ce mu haɗu da la'asar a wani mamak a Pantai Dalam, irin shagunan shayin Indiyawa Musulmi. Ya zo a tsorace, ya zauna a bakin kujera, an kawo shayi ya ƙi taɓawa sai na fara. Na daɗe ina juya cokali. Sannan na ce masa, Nura, ƙarya na yi maka ran nan, ba nasiha na je yi ba, ni mashayi ne. Ya ɗago ya dube ni ya sake sunkuyawa, ya ce, “Haba Baba, daina faɗa.” Na ce ai na riga na faɗa. Sai ya fara kuka a hankali, mai kawo shayi ya zo ya ga haka ya juya.

Ya ce tun a gida ya fara da maganin tari da ƙwayoyi, da ya zo nan ya rasa su ya koma kwalba. Ranar da ya hau benen nan ya yi wata guda yana zagaya layin kafin ya iya shiga, da ya gan ni ya ɗauka zan kai ƙararsa wurin masu biya masa karatu, daga can bai zarce ko'ina ba sai shagon giya. Wannan ni na jawo, ba sai kun faɗa mini ba. Ya ce tun bayan babbar sallah bai sha ba, shi kaɗai yake fama, kuma Hauwa ba ta san komai ba. Na ce dole ya faɗa mata da bakinsa. Ya ce zai faɗa amma sai ya kare kundinsa, in ta guje shi yanzu ba zai iya gama karatun ba, kuma ya san inda zai koma. Sannan ya kama hannuna ya ce, “Baba ka rufa mini asiri yadda Allah ya rufa naka.” Na san ba barazana yake yi ba, yaro ne mai tarbiyya, amma tun daga lokacin na kasa gane kaina. In na yi shiru, amana nake riƙewa ko tsoron tonon nawa asirin nake ji?

Ya bi ni zaman sau biyu tun daga nan. Yana zama a kujera yanzu, ya yi magana kaɗan, har Rajan ya haɗa shi da wani da zai riƙe shi, don ya ce ni ban dace ba. Sunana dai ya kasa kira, Baba yake cewa, 'yan ɗakin ma sun ɗauka suna tsokanata da shi. Amma kare kundin nasa sai bayan watanni, Alhaji Sani kuwa yana so a sa rana kafin Hauwa ta koma hutu ƙarshen wannan zango, jiya ma ya kira ban ɗaga ba. Ita kuma ranar Asabar tana kicin ɗinmu tana nuna wa Hajiya kalar ankon da ta zaɓa a kasuwar Masjid India.

Jama'a me zan ce wa mutumin nan? In faɗa masa gaskiya in karya amanar ɗakin da ya cece ni, wataƙila in mayar da yaron inda ya fito? In ce ban san komai ba sai alheri, in zama irin mutumin da ya cuci Hajiya? Ko in ba Nura wa'adi ya faɗa wa Hauwa kafin in ɗaga wayar mahaifinta, in ya ƙi fa? Kuma in har zan yi magana, adalci ne in tona na yaro in bar nawa a rufe? Musamman ina son jin ta bakin matan da suka zauna da irinmu, da wanda ya taɓa dainawa. Masu zagi ku yi, ba za ku faɗi abin da ban faɗa wa kaina ba.

Abu ɗaya dai ya riga ya canja ko me kuka ce. Kalmar da na yi shekaru ina faɗa da harsunan mutane na faɗe ta da Hausa, a gaban yaron da ke durƙusa mini, kuma ba zan ƙara ce wa kowa nasiha na je yi ba.