Yatsana da Likita Aslaug

Bergen, 9 ga Maris

Kaka Eldbjørg,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki, ya sanyin Lofoten can arewa? Baba ya samu kifi bana? Ni lafiya lau nake a makarantar girki, kada karkacewar rubutuna ta tsorata ki.

Ranar Litinin na cire safar hannu ta ƙarfe mai kare yanka ina gyaran kifi. Kunya na ji, ni da na fara yankan harshen kifi ina shekara bakwai, a gan ni da safa kamar 'yar birni. Wuƙa ta shige yatsana. Malaminmu Torstein ya ce idan jijiyar ta tsinke, jarrabawar bana ta wuce ni.

Kaka, a littattafaina saurayi ne ke riƙe hannun yarinya. Ni tsohuwar likita na samu, Aslaug, kuma ban taɓa jin riƙo mai taushin nata ba. Ta shafa gefen yatsan tana tambaya ko ina ji, sannan ta danne gaɓar tsakiya.

"To, sarauniyar kifi, lanƙwasa min kan yatsan kawai."

Na runtse ido.

"Buɗe mana, ga shi yana gaishe ni!"

Ya motsa, Kaka! Ɗinki huɗu aka yi. Yana ɗan hana ni sukuni, amma zan yi jarrabawa.

Da zan fita ta nuna min nata yatsan, a sandare, ba ya lanƙwasuwa.

"Ni ma 'yar arewa ce kamar ke, na yanke shi ina shekara tara. Sa safarki."

Ina sawa. Baba ya yi dariyarsa in ya ga dama.

Jikarki,
Ingvild