Tarwaɗar da Ta Riga Ni Komawa Gida

Yaya Lantana,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Har yanzu kina ƙona masa tuwo?

Ni lafiya lau. Aikina saka wa masu kuɗi tana a ƙugiya a tafkin Jabi. Yaya, mutanen nan su kama kifi, su yi hoto, su mayar da shi ruwa! Ran Asabar na tuna Baba, sai na ɓoye tarwaɗa a riga in yi masa banda. Ta yi motsi gaban oga. Kowa ya yi dariya, har ni. Oga ya ce in je in huta tukuna.

Kada Baba ya ji. Tarwaɗar dai an sake ta, ta koma gida. Ni ne ban san ranar tawa komawar ba.

Ƙaninki,
Manniru